Ɗaki Mai Kallon Ruwa

Makon nan an hana mu sakat a majalisarmu ta Namtari. Wani Alhaji ya dawo daga Zanzibar, kuma tun ranar da ya sauka ba wanda ya ƙara samun sararin kawo maganar tsadar taki ko farashin masara. Kana yin sallama, kafin a amsa maka an miƙo waya: ga Alhaji tsaye cikin teku iya idon sawu, ya tattare babbar riga, zanna na bisa kai, fuskar nan a murtuke kamar wanda ya zo karɓar bashi.

Hotunan da sauƙi, nasihar ce ta ishe mu. "Idan za ku je, kada ku kuskura ku sauka a gabas," in ji shi. Paje da Jambiani a kiyaye su, a nufi arewa, Nungwi ko Kendwa. Kada a je tsakanin Maris da Mayu, lokacin ruwan sama ne. A tsohon gari, wato Stone Town, lungunan sun yi ƙunci, mota ba ta shiga, mai babban akwati zai gane kurensa. Kada a manta katin allurar shawara, kada a biye wa samarin bakin teku masu tallar yawon jirgin ruwa. Duk gaskiya ne. Sai dai waɗanda ake yi wa wannan karatu, rabinmu tun da aka cire tallafin mai a 2023 ko Numan ba mu leƙa ba, amma muna ta gyaɗa kai, har wani dattijo yana cewa, "To, to, Nungwi, bari in riƙe sunan."

Kafin tafiyar kuwa, Alhaji ya daɗe yana buga waya gida-gida da tambayar nan tamu ta gado: "Wai ba mu da kowa ne a can?" An tambayi Goggo, an tambayi Bappa, an tono wani surukin maƙwabci da aka ce ya yi karatu a ƙasar waje, daga baya aka gano Sudan ce. Mutumin da in ya je Kano sai an kwashe yara daga ɗakinsu an shimfiɗa masa, wanda in ya ga motar wani a ƙofar otal a Jimeta sai ya yi salati ya ce zamani ya lalace, shi ne yau yake koya mana yadda ake zaɓen otal. Ashe otal in ya tsallake teku tsarkaka yake yi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗakin. Alhaji ya ƙara daloli a kan kuɗin kwana domin a ba shi ɗaki mai kallon ruwa. Wannan bawan Allah yana da gida a Jimeta, jifa ɗaya tsakaninsa da Binuwai. Da zai gina shi sai ya juya wa kogin baya, ya ja katanga mai tsawo, ya dasa fasassun kwalabe a kanta, taga ɗaya tilo da ke wannan ɓangare ta banɗaki ce. Shi ne ya hau jirgi daga Yola zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Addis Ababa, daga can zuwa Zanzibar, don ya biya kuɗi ya kalli ruwa.

Labarin yadda kallon ya kaya ta wajen mata ya fito, don Hajiya ba ta iya ɓoye dariya. Daren farko ƙarar igiyar ruwa ta hana Alhaji barci, ga tunanin mutanen ɓoye, ya tashi ya ja labule ya tofe kusurwa huɗu. Da gari ya waye ya buɗe labulen, sai ya tarar babu teku. Yashi ne fetal, mata suna ta tsintar ciyawar ruwa a inda jiya jirage ke yawo, ruwan kuwa yana can nesa da ƙyar ido ke kai masa. Alhaji ya zura silifa ya gangara wajen masu karɓar baƙi.

"An ɗauke," in ji shi.

"Me aka ɗauke, ranka ya daɗe?"

"Tekun da na biya. Ƙarfe nawa za a kawo?"

Aka yi masa bayani cewa haka ruwan yake a gabar gabas, ya janye ya dawo sau biyu a yini, wata ne ke jansa. Alhaji bai gamsu ba, don mutumin Yola ya san irin wannan bayani, ya sha jin sa duk lokacin da wuta ta tafi a tsakiyar zafin Afrilu. Ya tambaya ko otal ɗin ba shi da janareta na ko-ta-kwana. Ya zaro biro ya yi lissafi a bayan rasit: an sayar masa da teku na awa 24, rabi ya tafi yawo, a rabin da ya rage ma wani kason cikin dare ne, ba a ganin komai. Ya nemi a mayar masa da cikon kuɗinsa, ko a rubuta masa bashin ruwa ya karɓa in ya sake zuwa. Da aka ce masa a Nungwi ruwan ba ya janyewa sosai, sai ya yi murmushin wanda ya gano bakin zaren: "Na gane. Can ne Dougirei ɗinku. Layin manya." Har ya dawo yana nan a kan cewa raba tekun ake yi unguwa-unguwa, kuma akwai wanda ke cin kuɗin.

Batun abinci ma haka. A kasuwar dare ta Forodhani an gasa masa wata halittar ruwa mai hannu takwas, ya kira Malam tun daga can yana fatan a ce haramun ne. Malam ya ce a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, ya ci abinsa. Alhaji ya kashe waya rai a ɓace, ya koma ɗaki ya kwance ƙullin kilishi da dakakken yaji da ya taho da su. Tsarabarmu kuwa kanumfari ne, irin wanda ake aunawa a kasuwar Jimeta, sai ƙananan sabulan otal da ya raba wa na hannun dama.

Ni dai da za a bi shawarata, mu mutanen bakin Binuwai mu ne na ƙarshe da ya kamata a tatsa da sunan kallon ruwa. Mu da ruwa ke zuwa kallonmu har gado, kyauta. A 2012 ya zo, a 2022 ya dawo, ƙauyuka daga Fufore zuwa Demsa, Numan da Lamurde suka zama tsibirai ba tare da kowa ya nemi biza ba. Kamaru ta gama madatsar Lagdo tun 1982. Ta Dasin Hausa, wadda aka ce za a gina a Fufore don ta tare ruwan in an sako shi, har yau tana cikin fayil. Yaron da aka haifa shekarar da aka fara maganarta yanzu yana aurar da 'ya'ya. Kowace damina sanarwar ɗaya ce: a koma kan tudu. Tudun wa? Da kuɗin wa? Wa zai ɗauki gonar shinkafar ya hau da ita? A gama sanarwa, a zo da katifu da buhunan shinkafa, a yi layi, a ɗauki hoto, sai baɗi.

Mu ma ba kanwar lasa ba ne. Mu ne masu sayen fili a kan hanyar ruwa da rani, mu ce ai arha ne. Mu ne masu aiken yaro da kwandon shara da zarar hadari ya haɗu, don ruwa ya kai mana ita inda ba mu sani ba. A Yulin 2025 ruwa ya shiga Shagari, Sabon Pegi da Yolde Pate cikin dare, aka rasa rayuka, aka yi ta'aziyya, yau je ka leƙa kwalbatin unguwarku ka ga ledar da ke ciki.

Ga mai sha'awar tsibiri kuma aljihu bai kai Addis Ababa ba, ya jira rani ya tsaya a kan gadar Jimeta. Zai ga tsibiran yashi shimfiɗe a tsakiyar kogi, ga masu kwalekwale za su tsallakar da shi da kuɗin da bai kai na keke zuwa Jambutu ba. Masauki tabarmarsa. Abin kiyayewa uku ne: rana tsaka, sauron magariba, da tifofin ɗibar yashi. Daga can sai ya wuce Geriyo ya sayi kifi sabon kamu, wanda ba sai an kira Malam ba.

Masu kuɗin Zanzibar, Allah ya kiyaye hanya, a sauka a arewa kamar yadda aka umarta. Sauranmu kuma, ranar Asabar kowa ya fito da shebur ya yashe magudanar ƙofar gidansa kafin Agusta.