Walimar Mai Tsaron Gida

Duk wanda ya taka sakandare a ƙasar nan ya san kalmar award, ko da Turancinsa bai isa ya sayi ruwa ba. Ranar rabon kyaututtuka ake jin ta, a kira zakaru su hau su karɓa. Irinmu kuwa tafi ne rabonmu.

To, mun yi shari'a da maƙwabcina a kotun majistare kan katangarsa da ya ce makwararin gidana ne ya cinye mata gindi. Ranar yanke hukunci ina ƙauye wajen biki. Da na dawo aka miƙo mini takarda, idona bai sauka ko'ina ba sai kan awarded, ga naira 350,000 zaune kusa da sunana. Me kuma ya rage a karanta? Na ce wa uwargida a ɗora shinkafa, a kama kaji. Don a san ba na riƙo, har maƙwabcin na gayyata. Ya kuwa zo da wuri, yana ta fara'a, na ce lallai bawan Allah nan ya iya ɗaukar ƙaddara.

Tsohon malaminmu na Turanci sai da ya suɗe ƙashi, ya wanke hannu, sannan ya sa tabarau ya ce a ba shi takardar. Ya karanta, ya gyara murya kamar muna aji uku.

Ya ce kalmar ta shiga Turanci ne a ƙarni na 14, daga Faransancin mutanen Nomandi da suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma asalinta duba magana a yanke hukunci. Zancen kyauta daga baya ya biyo. Shi ya sa da ita gwamnati ke ba da kwangila, jami'a ke ba da digiri, alƙalin wasa ke ba da fenariti.

Na ce, "Malam, ai duk alheri ne."

"Ɗana, kowace fenariti akwai mai bugawa, akwai mai tsaron gida." Ya ɗora yatsa kan wata kalma, against, dab da sunana. "Kai ne a raga."

Maƙwabcina ya ajiye cokali ya ce babu gaggawa, ko ƙarshen wata ma ya yi. Sannan ya tambaya ko akwai leda, yara ba su samu zuwa ba.