Gidan da Ba a San Mowa da Bora Ba

Duk wanda ya ce akwai son kai a ƙwallon Ingila, to bai taɓa hawa tudun Denmark Hill ba. A nan unguwar Camberwell, kudu da kogin Thames, asibitin King's College yake, inda aka haifi Rio Ferdinand a 1978. A unguwar aka haifi Tammy Abraham, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, a 1997, sai Jadon Sancho a 2000. Dukkansu baƙaƙe, dukkansu sun sa rigar Ingila. Manchester United ta zube fam miliyan 30 ko kusa da haka a kan Ferdinand a 2002, ta sake zube miliyan 73 a kan Sancho a 2021. Wanda ya sayi ƙafarka da wannan kuɗi ai ba ya ƙinka. Kanka ne kawai bai taya ba.

Wannan kuwa tausayi ne tsantsa. Aikin koci ba aikin lafiya ba ne: furfura tun kafin lokaci, hawan jini, tsayuwa cikin ruwan sama ana zaginka da uwa da uba. Masu kulob-kulob suka duba, suka ga yaron da ya yi shekara goma sha biyar yana gudu ya cancanci hutu. A 2022 masanin tattalin arziki Stefan Szymanski ya ƙirga wa ƙungiyar Black Footballers Partnership yawan waɗanda aka hutar: kashi 43 cikin ɗari na 'yan wasan Firimiya baƙaƙe ne, amma a kujerun masu horaswa kashi 4.4 ne kacal. Wace uwa ce ke kare 'ya'yanta daga wahala haka?

Akwai dai masu taurin kai da ba sa jin magana, irin su Chris Powell, haifaffen Lambeth, maƙwabciyar Camberwell. Mai tsaron baya ne ta hagu, kuma tun yana wasa aka koya masa haƙuri, don sai da ya kai shekara 31 kafin Sven-Göran Eriksson ya kira shi tawagar Ingila a 2001. Ya jingine takalmi, ya karɓi Charlton a Janairun 2011 tana rukuni na uku. Kakar da ta biyo baya ya lashe rukunin da maki 101, ya hau da ita rukuni na biyu, ya ƙare na tara. Ganin mutumin yana neman kashe kansa da aiki, Allah ya kawo mai ceto daga Beljiyam, Roland Duchâtelet, ya sayi kulob ɗin a farkon 2014. Kafin Maris ya ƙare ya sauke masa nauyin. Gaskiya ne ƙungiyar tana ƙasan teburi a lokacin, sai dai tana da kwantan wasanni, kuma ta kai zagayen 'yan takwas a kofin FA. Amma likitan kirki ba ya jiran ciwo ya yi tsanani. Huddersfield ta ƙara masa hutu a 2015, Southend ta cika masa a 2019.

Ga masu son ilimi kuma, an tanadi makaranta ta musamman a wani ƙaramin gari kudu da Manchester, sunansa Macclesfield. Paul Ince, baƙin farko da ya ɗaura kambun kyaftin na Ingila a 1993, can ya fara koci a 2006, kulob ɗin yana na ƙarshe a rukuni na huɗu, wato na 92 cikin 92. Ya tsamo shi. Shekara goma sha biyu bayan haka aka sake buɗe ajin ga Sol Campbell, wanda ya buga wa Ingila wasa 73, yana kuma cikin Arsenal ɗin nan ta 2004 da ba a doke ta ba ko sau ɗaya, wadda har gobe ake rantsuwa da ita a gidajen kallo na Fagge da Sabon Gari. Shi ma ya tarar da Macclesfield a ƙarshe, shi ma ya tsamo ta a ranar rufe kaka. Don kada kuɗi su ɗauke masa hankali daga karatu, albashin ma ba a cika biyansa ba. A 2020 kotu ta rufe makarantar saboda bashi, abin takaici ga ɗalibai masu zuwa.

Shi kuwa Frank Lampard, Allah sarki, an hana shi wannan gata. Shekararsu ɗaya da Ferdinand, makarantar West Ham ɗaya ta yaye su. A 2018 ɗin da Campbell ke shan ilimi a ƙasan rukuni na huɗu, aka jefa Lampard Derby a rukuni na biyu, bayan shekara guda aka ɗora masa Chelsea sukutum. Ta sallame shi, Everton ta ɗauka. Ta sallame shi, Chelsea ta sake kiransa riƙon ƙwarya a 2023, ya ci wasa ɗaya cikin goma sha ɗaya. Ko numfashi ba a bar bawan Allah ya yi ba.

Darren Moore ya fi kowa sa'a, don shi ba a jiran ya faɗi. West Brom ta sallame shi a Maris na 2019 tana ta huɗu a rukuni na biyu. A 2023 ya haɗa wa Sheffield Wednesday maki 96, Peterborough ta ɗura musu huɗu ba ko ɗaya a wasan neman gurbi, suka rama a karo na biyu, suka je Wembley suka hau. Ko wata guda ba a yi ba aka rabu, wai bisa fahimtar juna.

Kada a ce hukuma ta naɗe hannu. An aro doka daga Amurka, ana ce mata dokar Rooney, sunan Dan Rooney, tsohon mai ƙungiyar Pittsburgh Steelers. Tun 2019 ta wajabta wa kulob-kulob na ƙasa da Firimiya su gana da aƙalla baƙi ɗaya ko ɗan wata tsirarun ƙabila idan za su tantance masu neman aikin koci. Wanda bai yi tantancewa ba, ya ɗauko nasa kai tsaye, babu ruwan doka da shi. Birmingham ma ta bi dokar har da sunanta: a Oktoban 2023 tana ta shida ta kori kocinta ta kawo Wayne Rooney. Wasa 15, nasara biyu, ta gangara ta 20, a ƙarshen kaka ta faɗa rukuni na uku. Wata biyar da korarsa Plymouth ta ba shi aiki.

Mu ma nan gida ba mu bari an fi mu kara ba. Marigayi Shuaibu Amodu ya kai Super Eagles gasar duniya ta 2010, aka ce ya huta, aka ɗauko Lars Lagerbäck daga Suwidin ya je ya samo maki ɗaya. Togo ta yi wa marigayi Stephen Keshi irin wannan alheri a 2006.

In ka sauko daga asibitin King's College ka miƙe kudu, tafiyar ƙafa ce zuwa filin Champion Hill na Dulwich Hamlet. Gavin Rose, abokin ƙuruciyar Ferdinand daga Peckham, ya riƙe ta daga 2009 zuwa 2022. Sau biyu yana hawa da ita, na biyun a 2018, lokacin da masu filin suka garƙame ƙofa, ƙungiyar tana aron fili a wajen Tooting. A hannunsa Ethan Pinnock ya taso har ya kai Firimiya da Brentford. Manyan kulob-kulob sun ga yaron, sun saye shi. Malamin kuwa, saboda girmamawa, ba su ta da shi daga inda yake zaune ba.

Powell dai bai tashi a tutar babu ba. Gareth Southgate ya sa shi cikin mataimakansa a tawagar Ingila a 2019, inda babu fargabar kora, tunda ba shi ke yanke hukunci ba. Har a talabijin an ba shi gurbi, a shirin barkwancin nan na Ted Lasso. Labarin wani Ba'amurke ne da bai san ko dokar satar gida ba, aka damƙa masa kulob na Firimiya a Landan. Powell yana fitowa da sunansa na gaskiya, zaune a ɗakin masu sharhi, yana yi wa 'yan kallo bayanin dabarun kocin.