Wai Katakon da Farce Ke Lotsawa Ne Zai Tashi?

To, Malam, gama dariyarka tukuna, ni ba sauri nake ba. An ce maka ga ƙato da gemunsa ya kulle kansa a ɗaki wata da watanni yana haɗa jirgin sama da katakon balsa, wanda zai tuƙa da rimot yana tsaye a ƙasa, sai ka kwashe da dariya: "Ai motar kara ce ta tsiro fiffike." Madalla da kai. Sai dai irin jirgin da nake nufi, daga bakin wannan fiffike zuwa wancan ya kai mita 2, wato ya fi ka tsawo ko da ka kafa zanna. Wasu injin fetur gare su, kuma farfelar ba ruwanta da cewa yatsan na mai gida ne.

Ka ce katakon ba shi da ƙwari, farce ma lotsa shi yake? Gaskiyarka, yana lotsawa. Balsa dangin rimi ce da kuka, akasarinta daga ƙasar Ekwado ake fito da ita, kuma saurin girma gare ta, shekara 6 zuwa 10 an sare. Idan ta bushe, cikinta iska ta fi itace yawa. Gungumen da ya kai mita guda tsawo da faɗi da tsayi, nauyinsa wajen kilo 160 ne, alhali ruwa mai wannan girman kilo 1,000 ne cur.

Amma wa ya gaya maka da falanki guda ake yin fiffike? Zane ake shimfiɗawa a kan tebur, a yanka haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya, a jera su bisa zanen a kafe da allurai, sannan a ratsa su da doguwar sanda ta katako mai tauri, ita ce ke ɗaukar wahalar. Inda injin zai zauna kuwa filawud ake sawa, don balsa ba za ta jure girgizarsa ba. Sai gam, sai samfefa, ƙura har cikin hanci da gemu. Daga nan a lulluɓe ƙwarangwal ɗin da wata leda ta musamman, a bi ta da ɗan dutsen guga. E, guga na ce, daina zare ido! Zafin ne ke sa ledar ta manne ta tsuke, ta ɗame har in ka ƙwanƙwasa ta amsa maka.

"Duk da haka dai wasan yara ne." Haba! Je ka faɗa wa Jamusawa. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, gangar jikinsa balsa ce aka matse tsakanin filawud biyu, kuma ya sha tsere wa jiragen ƙarfen da Jamusawa suka tura su kamo shi.

Na ga bakinka yana motsi. Za ka ce tuƙin ai danne-danne ne, kowa ma ya iya? Bismillah, karɓi rimot. Muddin jirgin ya ba ka baya, hagunka hagunsa ce, kana ta washe baki. Bari ya juyo ya nufo ka: ka karkata shi dama, ka ga ya yi hagunka, ka ruɗe ka ƙara dannawa, aikin wata shida ya koma cikin buhu. Tun kafin nan ma akwai awon nauyi. Ana ɗora jirgin kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga bakinsa na gaba. In hanci ya ɗan rinjaya, da sauƙi, zai tashi da nawa. In wutsiya ce ta rinjaya, kira mutane su zo kallo yau, don ba lallai a maimaita ba.

Ka ce to iyakarsa ya zaga fili ya dawo? A watan Agustan 2003, wani Ba'amurke, Maynard Hill, ya tashi jirginsa na balsa da leda daga gabar Kanada. Nauyinsa bai wuce kilo 5 ba, har da man. Ya keta Tekun Atilantika, fiye da kilomita 3,000, cikin kusan awa 39, ya sauka a Ayalan da ɗan guntun mai a tanki.

"Ai na'ura ce ta tuƙa shi!" A tsakiyar teku, ƙwarai kuwa, ko so kake a bi shi da kwalekwale ana danna rimot? Da hannu aka tashe shi, da hannu wani abokin aikin Hill ya sauke shi a can. Jiragensa huɗu da suka riga wannan ba su kai ba, dattijon bai fasa ba. Shekararsa 77 a lokacin, idanu sun kusa mutuwa, kunne ma sai an ɗaga murya. Kai kuwa da idanunka biyu garau, tun bara ƙyauren banɗakinka ke jiran ƙusa.