Kowa da Halinsa a Gaban Lasifikar Mota

Da can rediyon mota na direba ne shi kaɗai. Ya cusa kaset ɗin Shata a tashar Maraɗi, ya juya shi a Cadawa, ya sake juyawa a Agiye, har a iso Tasawa ba mai cewa uffan. Yanzu kowane fasinja da salularsa, kowace salula da Bluetooth, lasifika kuwa guda ce. Daga nan hali ya fara fitowa fili. Duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ko mai ratsewa ta Mayahi da Kanembakashe, ya san mutanen nan.

Na farko shi ne Sarkin Gaba. Ya biya kuɗin kujerar gaba, a ganinsa har da rediyo ya saya. Kafin yaron mota ya gama ɗaure buhunan wake, ya riga ya ce, “Direba, ba ni in haɗa.” Waƙa ba ta kai ƙarshe a hannunsa. Hamisu Breaker ya buɗe baki, ya katse shi. Rarara ya ɗauko amshi, ya tsallake. Kilomita ɗari za a yi, ba a ji waƙa ɗaya cikakkiya ba, an dai ɗanɗana arba’in.

Sai Alhaji Mai Sabuwar Mota. An kawo masa ita daga bakin teku, da allo a gaba mai faɗin faranti, amma allon Jamusanci yake ji. Taswira ta nace cewa motar tana wata unguwa a Turai, alhali ga akuya tana soshe-soshe a jikin taya. Jerin wayoyin da motar ta sani duk na Turawan da suka gaji da ita ne. Alhaji yana son Android Auto, wanda Google ya fitar a 2015, don ya ga ɗan wansa yana yi. Sai dai salularsa ƙaramar itel ce mai Android Go, irin wadda wannan manhaja ba ta aiki da ita. In an faɗa masa, sai ya ce, “Kai yaro, miliyan nawa na ba da? Taɓa ta dai da kyau.”

Yaron da ake kira kuwa shi ne Injiniya. Bai gama makaranta ba, amma aljihunsa cike da igiyoyi. Abin haushi, yana da gaskiya sau da yawa. Shi ya san igiyar jaka guda ta bakin tasha wuta kawai take ja, ba ta ɗaukar bayanai. Shi ya san tsohuwar Hiyas ma tana iya shiga zamani: ƴar na’ura a ramin kunna sigari, a daidaita lambarta da ta rediyo, shi ke nan. Aibinsa ɗaya, ba ya gyara sai da lacca. Kafin ya latsa maɓalli sai ka ji cewa sunan wani tsohon sarkin Denmark aka laƙaba wa Bluetooth, kai kuwa ba ka tambaya ba.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne Tonanne. Ya manta salularsa tana haɗe. An tsaya a Gazawa, ya sauka sayen tsire, ga kira ya shigo. Bai san Bluetooth na kai wajen mita 10 ba, mai tsire kuwa taku biyar ne daga mota. Yana can yana “Alo? Alo? Rezo babu kyau,” mu kuma a ciki muna jin murya tangaran daga lasifika: “Malam, yau wata uku ke nan, ina kuɗin gerona?” Ya dawo da tsirensa a takarda, ya tarar da mota tsit, kowa ya ƙura wa taga ido. Wata tsohuwa ce kaɗai ta ce, “Ɗana, Allah ya rufa asiri.” Ai ya riga ya tonu, Inna.

Hajiya Mai Saƙon Murya ita ba ta san kunya irin wannan ba, don ba ta ɗauki komai a matsayin sirri ba. Ta roƙi a haɗa tata “minti ɗaya kacal,” ta saki saƙonnin WhatsApp na ƙungiyar adashi. Kafin a kai gari na gaba, fasinja goma sha takwas sun san wadda ba ta zuba ba, sun san kalar ankon bikin Asabar, har wani daga baya ya fara ba da shawara.

Akwai kuma Malam da Ɗan Kokawa, waɗanda ba a raba su. Malam yana son tafsiri, ɗayan yana son kiɗan fagen kokawar takobi, yana rantsuwa babu kamar Issaka Issaka. Wa zai ce a kashe wa’azi? Babu. Sai Ɗan Kokawa ya yi haƙuri, ya zuba wa Malam ido. Da gyangyaɗi ya kama Malam, kalangu ya tashi. Da mota ta faɗa rami ya farka, a koma aya ta gaba.

Mai Neman Caji ba ruwansa da duk wannan. Ya fito daga ƙauyen da sai an biya mai faranti mai aiki da rana kafin a cika batir, don haka ramin USB kawai yake hange. Ya miƙo salula daga kujerar ƙarshe, hannu zuwa hannu, sannan ta matarsa, sannan ta maƙwabcinsa da ya ba shi saƙo. Duk bayan minti biyar: “Yallaɓai direba, duba mini, ta kai nawa?”

Direba shi ne alƙalin ƙarshe. Yana ji, yana kauce wa amalanke, bai ce komai ba. In surutu ya kai masa ko’ina, sai ya miƙa yatsa ɗaya ya kashe rediyon gaba ɗaya, ya ce, “Ta lalace.” Injiniya ya san ƙarya ce, amma yana son a sauke shi a ƙofar gida.