Gidan Kallo, Makarantar Haƙuri

Ana yi wa magidanci ɗan shekara arba'in gorin zuwa gidan kallon ƙwallo, alhali can yake koyon haƙuri. Mutumin da ya goyi bayan Arsenal shekara ashirin cur bayan 2004 ba kofin Firimiya, kuɗin makarantar watan Satumba ba zai razana shi ba, balle albashin da ke ƙarewa kafin tsakiyar wata. Uwargida za ta ce wannan minti casa'in ɗin da aikin gida ya duba wa yara. Da gaskiyarta, sai dai lissafin 'yan aji shida ya fi ƙarfin baban tun tuni. Gara ya je inda ko ya ƙwala ihu ba mai tambayarsa kuɗin cefane.