Da'ira da Sharuɗɗanta

Bisa fatawar malaman hisabi na makarantun sakandare, daga Ƙanƙara har Faskari, ba ya halatta ɗalibi ya kusanci da'ira sai ya mallaki kamfas mai tsini, ya haddace cewa digiri 360 gare ta, sa'an nan ya yi mubaya'a ga 22 bisa 7, adadin da Arkimidas Bayunane ya bar mana gado, wanda kuma, bisa ijma'in malamai, kusa kawai ya yi, bai kai daidai ba. To, madalla.

Amma maginin rumbu a Sabuwa, wanda bai taɓa jin labarin marigayin ba, turke yake kafawa, ya ɗaura igiya, ya zagaya sau ɗaya, masara ta shiga ta kwana lafiya. Mai saƙar faifai ko igiyar ba ta nema.

Ɗalibi kuwa, bayan shekara uku yana fama, ranar jarrabawa tsini ya huda takarda, fensir ya goce, da'ira ta fito kamar ƙwan zabuwa. Saboda haka muna roƙon hukumar WAEC, don girman Allah, ta halatta shiga da turke da igiya.