Hajiya Ta Zo Kallon Biki

A Guri duk wanda aka taɓa gani da kwamfuta a cinya ya zama injiniya, ko da abin da yake yi da ita bai wuce buga jarrabawar 'yan aji uku ba. Ni ma haka aka naɗa ni. Shi ya sa da ƙanina ya aiko mana da ɗan akwatin kallo daga Kano, irin mai Android ɗin nan da ake jonawa a bayan talabijin, babu wanda ya tambaye ni ko na iya. Kafin in gama kwance kwalin, uwargida ta riga ta shaida wa unguwa cewa gidanmu ya koma silima.

Akwatin bai ba ni kunya ba da farko. Sabo mai caji a bakin kasuwa yakan tura mana Labarina da Izzar So da fassarar Algaita a filashi, mu soka mu kalla. Kallo kai tsaye ta intanet kuwa ba ma maganarsa, don kafin hoto ya motsa ka ci tuwo ka wanke hannu.

Bayan an gama yankan shinkafa aka yi bikin ƙanwar uwargida a Haɗejiya. Mai ɗaukar bidiyon yaro ne ɗan zamani, har da ɗan jirgin nan mai kamara da ke shawagi a kan mutane. Da ya kammala aikinsa ya damƙa wa surukata filashi, ita kuma Hajiya ta ƙulle shi a gefen gyale, ta hau mota ta nufo Guri, domin ta ji labari mijin 'yarta yana da na'ura kuma yana da ilimi.

Daren farko aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, matan maƙwabta suka cika, sauron fadama ma ya zo nasa kallon. Na ɗora talabijin a kan benci, na soka filashi, na danna. Kalangu ya tashi, guɗa ta biyo baya, allo kuwa baƙi ƙirin. Muna jin biki sarai, ba ma ganin kowa. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ai da an faɗa mana rediyo za a saurara, da mun zauna a gida." Hajiya ba ta yi mini magana ba, dama ba ta yi. Ta juya wajen 'yarta ta ce, "Ki ce wa Malam kada ya damu, ina nan har Juma'a."

Da safe na garzaya wajen Sabo. Ya duba ya ce, "Malam, ƙaramin abu ne, sunan ne bai yi wa akwatinku ba." Ya goge MKV a ƙarshen sunan fayil ɗin, ya rubuta MP4, ya karɓi ɗari biyu. Na dawo gida, duhun nan dai yana nan, sai dai yanzu da sabon suna.

Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a kwalejin fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejiya shi ya warware mini daga baya, kuma da harshen da manomi zai gane. MKV da MP4, in ji shi, buhu ne kawai. Abin da ke cikin buhun shi ne magana. Akwatina ya saba da gyararriyar shinkafa, wato hoton da aka matse da salon H.264, wanda ya fito tun 2003 kuma kusan kowace na'ura tana cinsa. Yaron bidiyo kuwa ya zuba mana shanshera, salon H.265 na 2013, mai rage girman fayil kusan rabi amma sai na'ura mai ƙarfi ko wadda aka ƙera da shi a ciki ke iya casarsa. Sabo buhu ya sake wa rubutu, shanshera tana nan yadda take.

Amma wannan bayani bai zo ba sai da na sha wuya. Sabo ya ce a ba shi dama ta biyu, yana da manhajar da yake juya fina-finai da ita. Gaskiya ne yana da ita, sai dai tun zamanin ƙananan wayoyi masu madanni aka saita ta a kan 3GP, kuma bai taɓa taɓa saitin ba. Hoton da aka yi domin allon da bai fi akwatin ashana ba shi muka baje a talabijin mai inci 32. An ga mutane kam, amma kowa ya zama tubali-tubali. Matan suka shiga gardama a kan wace ce amarya. Aka tsayar da magana a kan wata mai jan kaya, daga baya aka gano kujera ce.

Nan na ce zan yi da kaina. Na hau kan jingar da aka yi don tare ambaliya, inda waya ke ɗan kama sabis, na rubuta neman manhajar juya bidiyo. Suka fito rututu, kowace tana rantsuwa ita ce ta ɗaya a duniya kuma kyauta ce. Na zaɓi wadda tambarinta ya fi ƙyalli. Ta cinye datar wata guda, ta kuma shigo da 'yan rakiya: wata mai cewa kwamfutata na fama da cututtuka, wata mai nuna mini yanayin sanyi a wani gari da ban taɓa jin sunansa ba. Da ta gama aiki sai ga tambarin kamfanin ɗaram a tsakiyar allo, daidai inda fuskar mutum take zama. Kuma ashe kyautar ta minti biyar ce. Minti biyar ɗin farko na bidiyon kuwa jirgin yaron nan ne yana zagaya rufin kwanon Haɗejiya, sai tallar shagonsa. Daidai lokacin da aka buɗe ƙofar motar da Hajiya ke ciki, ƙafarta ɗaya ta sauko, sai allo ya ɗauke, aka rubuto mini in biya da dala.

"Ki ce wa Malam na ga takalmina," in ji Hajiya.

Manhaja ta gaba ba ta nemi dala ba, ta kuma juya bidiyon duka. Fayil ɗin da ya shiga yana giga uku ya fito yana giga tara. Na tura shi filashina mai giga goma sha shida wanda babu komai a ciki, ya ce babu wuri. Har na fara zargin mutanen ɓoye. Ashe filashin da aka tsara da tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga huɗu, ko da cikinsa fili ne fetal. Na rage, na sake juyawa, ya shiga. A wannan karon hoto ya fito, murya ta fito, amma ba tare suke tafiya ba. Da farko tazarar kaɗan ce, tana ƙaruwa a hankali. Kafin a kai tsakiya, mai kalangu ne ke jan addu'ar liman. Da aka zo wurin da Hajiya ta dafa kan amarya za ta yi mata nasiha, ta buɗe baki a natse, sai muryar maroƙi ta fito: "Dubu biyar daga Alhaji, Allah ya ƙara arziki!" Yara suka faɗi ƙasa don dariya. Uwargida ta kalle ni irin kallon da ba ya buƙatar fassara.

Duk wannan a kan janareto ake yi, domin batirin kwamfutata ya daɗe da rasuwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ko wanda ke ban ruwa a fadama sai ya yi lissafi kafin ya ja igiya. Har VLC na saka wa akwatin, wadda ba ta ƙin kowane fayil. Ta buɗe shi kuwa, amma ƙwaƙwalwar akwatin ba ta da ƙarfin, amarya ta riƙa tafiya tana tsayawa, taku ɗaya sai hutu.

Ranar Laraba na ajiye girman malanta na kira ɗalibina. Ya saurara har ƙarshe, da ladabi, ko da yake na ji yana danne wani abu a maƙogwaro. Ya ce in nemo HandBrake. Ba ta da talla, ba ta da tambari, ba ta neman kati. Wani Bafaranshe, Eric Petit, ya fara ta a 2003, masu sa-kai suka ci gaba da ita. Ya ƙara da cewa da yawa daga masu ƙyallin nan injin da ke cikinsu FFmpeg ne, shi ma kyauta, wanda wani Bafaranshen, Fabrice Bellard, ya soma a 2000. Riga kawai suke ɗinka masa su sayar. VLC ma ɗaliban wata makaranta a Paris ne suka ƙirƙiro ta. Ban san me Faransawa suka gani a harkar bidiyo ba, amma Allah ya saka musu.

Abin da ya sa ni yi bai kai layi uku ba: buhu MP4, hoto H.264, murya AAC, in zaɓi saitin da aka rubuta Fast 720p30, kada in taɓa komai kuma. Ya maimaita "kada ku taɓa komai, Malam". Kwamfutar ta kama aiki bayan isha. Ta yi zafi har na ɗora ta a kan murfin randa ina yi mata fifita. Ta ce saura awa biyu, can ta ce saura huɗu, can ta koma uku. Kafin kiran assalatu ta gama. Fayil bai kai giga biyu ba. Na duba farkonsa, ga hoto tas, ga baki da murya a tare. Na kwanta ina jin kaina.

Daren Alhamis har maza suka leƙo daga zaure. Hajiya ta sauko daga mota da ƙafafunta biyu, aka yi kabbara. Aka ga amarya, aka ga zanen leshinta zare-zare, nasiha ta fito daga bakin mai ita. Ina tsaye a gefe da rimot, ina karɓar sannu.

Sai kamara ta bar taro ta zagaya bayan rumfa. Wani mutum ne a tsugune shi kaɗai, ya tura hula ƙeya, ya nannaɗe hannun riga, ga kular soyayyen kifi a gabansa. Yaron nan ya jawo hoton kusa, ya ƙara jawowa. Kumatu biyu a cike, mai yana gangarowa ta gemu, kan tarwaɗa a hannun dama, na hagu kuma yana laluben wani. Shekara goma sha ɗaya ko ruwa ban taɓa sha a gaban Hajiya ba. A 3GP ɗin Sabo wannan wurin tubali ne kawai, babu wanda ya gane.

Na danna rimot in wuce da shi, yatsana ya sauka a kan madannin tsayarwa. Batiri kuma ya zaɓi wannan lokacin ya mutu. Ina ta bubbuga rimot a tafin hannu, ga ni can a allo baki buɗe, tsakar gida ta yi tsit.

Hajiya ta gyara gyalenta, ta daɗe tana kallo, sannan ta juya wajen 'yarta.

"Ke kuwa ba kya ba shi abinci ne?"